Ranar da aka ɗinke idon tela

Saura kwana 12 a kama azumi na shiga Kantin Kwari sayen shadda da yadi, kamar yadda kowane tela yake yi a wannan lokaci kafin kaya su tashi. Na haɗa ƙunshi biyu manya, na ɗora a bayan mashin, na jawo robar ɗaure kaya, irin wadda ake yankowa daga tsohon tib na mota. Tawa har da ƙugiyar ƙarfe a bakinta, ni da kaina na sa aka lanƙwasa mini ita don in huta da ƙulli. Na dafe mashin da gwiwa, na ja roba iya ƙarfina, na sunkuya in maƙala ƙugiyar. Ban ga tahowarta ba. Ƙara kawai na ji, tau, sai wani farin haske ya cika mini kai, na tsinci kaina zaune a ƙasa, hannuna a kan idon dama.

Kafin ka ce kwabo an kewaye ni. Wani ya ce a samo ruwan sukari, wani ya ce nonon mai shayarwa, wani kuma ya fara ƙoƙarin buɗe mini idon da yatsa wai ya hura. Wani dattijo ɗan dako ne ya ture su. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa, kai kuma ɗana kada ka murza." Ya karɓi kofin roba a wurin mai shayi, ya yanke gindinsa, ya kifa mini a kan idon yadda ba abin da zai danne shi, aka ɗaure da ƙyalle. Daga baya likitoci biyu suka gaya mini abin da ya yi shi ne daidai. Ban san sunansa ba har yau.

A wani ƙaramin asibiti kusa da gida aka fara duba ni. Jini ya taru a gaban baƙin idon, ya kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwalba. Tambayar farko da likitan ya yi mini ta ba ni mamaki: ko ina da sikila, ko akwai ta a gidanmu? Na ce me ya haɗa sikila da ido? Ya ce in jinin mai sikila, ko ma wanda yake AS, ya taru a wannan wuri, ƙwayoyinsa kan lanƙwashe su toshe hanyar da ruwan ido ke fita, kuma akwai magungunan da ba a son ba shi. Aka gwada, ni AA ne. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya hana ni asfirin da danginsa, ya ce in kwanta da matasai uku kaina a sama. Ya kuma ce, da babbar murya, da zarar jinin ya washe in je babban asibitin ido a auna ni, domin su ba su da kayan awon.

Kwana shida jini ya washe. Ido ya yi fari, ba ja, ba ciwo, ba hawaye. Ga azumi ya ƙarato, ga kayan sallar mutane jibge a shago. Ban je ba. Maganin ɗigawa ɗaya daga cikin biyun da aka ba ni yana sa in ji sanyi a idon, da ya ƙare sai na ɗauki kwalbar na kai kemis aka ba ni irinsa. Ya sake ƙarewa na sake saya. Laifin wannan nawa ne, ban da wanda zan ɗora wa.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne gani. Ba duhu nake gani ba, hazo ne, kuma abubuwa sun daina tsayuwa a miƙe. In na rufe idon hagu na dubi yadi mai layi-layi, sai in ga layukan suna tafiyar maciji. Bakin ƙofar shago ya lanƙwashe a tsakiya. Zura zare a allura, abin da na shekara 22 ina yi ba tare da na lissafa shi cikin aiki ba, sai da na koma kiran yaro ya zura mini. Ranar goma ga azumi na ɓata wuyan wata shadda mai tsada, na yanka a karkace ina ganin daidai nake. A daren, wajen alwala, na shafi idanuna biyu ta saman fata. Na hagu da ƙwari kamar kullum. Na dama ya lotsa ƙarƙashin yatsana kamar nunannen tumatir. Na kira uwargida na ce ta duba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, tun shekaranjiya nake son in gaya maka, wannan idon ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta."

Ana idar da sallar asuba na kama hanyar babban asibitin ido. Yankar kati, layi, karanta haruffan bango da ido ɗaya-ɗaya, sai wajen ƙarfe 11 na zauna gaban na'urar da ake dafa haɓa. Wata matashiyar likita ta ɗiga mini maganin kashe zafi, ta taɓa mini wata 'yar takarda mai launin ruwan ɗorawa a gefen ido, ta kunna shuɗin haske, wani ɗan kan roba ya matso ya taɓa ƙwayar idon. Hagu 15. Dama ta auna, ta yi shiru, ta gyara na'urar, ta sake aunawa. Ta ce 3.

Ni kuwa na ce alhamdulillahi. Baffana hawan jinin ido ne ya makantar da shi, wanda likitoci ke kira gilakoma, kuma na sha raka shi asibiti ina jin ana kiran 30, 40, ana faɗan a sauko da lamba. A sanina ƙaramar lamba ita ce lafiya. Babban likitan da ta kira ya ji ni, ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "Malam, wannan ba ta murna ba ce. Ka taɓa ganin ƙwallon da aka sace wa iska?"

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina, don sai da na sa ya maimaita. Ido yana da ruwansa na ciki, wanda ba shi da haɗi da hawaye. Akwai wani zoben nama a ɓoye bayan baƙin ido, manne da farin ido ta ciki, shi ke tsatso wannan ruwa dare da rana. Ruwan ya biyo ta 'yar tagar da ke tsakiyar baƙin ido, ya cika gaban idon, sannan ya fice ta wata matata mai ƙananan ƙofofi a lungun da baƙin ido ya haɗu da fari. Ruwan kaɗan ne ƙwarai, amma cikin abin da bai kai awa biyu ba an sabunta shi gaba ɗaya. Daidaito tsakanin shigarsa da fitarsa shi ke riƙe ido a cike. Ana auna wannan cika da ma'aunin zaiba, kuma yawancin masu lafiya suna tsakanin 10 da 21. In ta haura, jijiyar gani ke mutuwa a hankali, shi ne ciwon Baffa. In ta faɗo ƙasa da 6 ta zauna a can, ido ya saki, bangonsa ya yamutse, tantanin da ke can baya wanda ke ɗaukar hoto ya tattare kamar rigar da aka kwana a kanta. Tattarewar nan ce ta sa nake ganin layi yana tafiyar maciji.

To ina ruwan nawa yake zuwa? Ya ce abubuwa huɗu yake zargi, kuma zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko dai idon ya huje ruwa na fita waje, ko zoben ya ji bugu ya rage aiki, ko tantanin baya ya ɓalle, ko kuma ruwan ya sami wata ɓarauniyar hanya a ciki.

Na farko bai ɗau minti biyu ba. Ya shafa launin nan da yawa a kan idon, ya haska shuɗin haske yana kallo. Da akwai huji, da an ga ruwa mai haske yana ratsa launin yana gangarowa, kamar yadda mai faci ke tsoma tib a ruwa ya nemi kumfa. Ba a ga komai ba. Sannan aka ɗiga maganin buɗe ido, na jira kusan rabin awa, ya leƙa bayan idon da fitila a goshi. Tantanin bai ɓalle ba, amma ga tattarar nan layi-layi daidai wurin da ake gani da shi sosai, kan jijiyar ma ya ɗan kumbura.

Saura lungun. Ana ganinsa ne da wani gilashi mai madubi a ciki, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido kai tsaye. A nan aka sha wahala. Idon ya yi laushi, da an ɗora gilashin sai gabansa ya lotsa ya yi ƙunji, baƙin idon kuma ya matso gaba ya rufe lungun da ake son gani. Ya gwada ta sama, ya gwada ta gefe, ya ce in kalli nan, in kalli can. A ƙarshe ya cire ya ce yana jin ya hango wani abu ta sama, amma ba zai yanka ido a kan "ina jin" ba. Wannan magana ita ta sa na yarda da shi.

Kafin in tashi ya ce in nuna masa duk abin da nake ɗigawa. Na zazzage leda. Ya ɗauki kwalbar nan mai sanyi, ya tambaye ni tun yaushe, na ce mako uku. Ya girgiza kai. Maganin hana kumburi ne, irin mai sitiroyid, yana da amfani a kwanakin farko, amma in akwai yagewa a ciki, ɗan kumburin nan shi ne gam ɗin da jiki ke manne ciwo da shi. Wato mako uku ina sayen abin da ke hana ciwona haɗewa da kuɗina. Ya ce a bar shi, ya rubuta mini atirofin. Shi wannan yana sakin tsokar zoben, ta kwanta ta jingina da bangon ido, wataƙila ta kama da kanta. Na tambaye shi azumi fa? Ya ce hukunci na malamai ne, amma zai koya mini dabara: in na ɗiga, in rufe ido in danne lungunsa na wajen hanci da yatsa minti biyu, maganin ba zai gangara maƙogwaro ba, kuma zai fi zama inda ake bukatarsa. Na dai tsara nawa ɗigon ya faɗo lokacin sahur da bayan shan ruwa, na huta da wasiwasi.

Hoton da zai raba gardama ba su da na'urarsa, sai da na yi tafiyar mota zuwa wani gari da takarda a hannu. Sunan hoton UBM. Dangin hoton da ake yi wa masu ciki ne, da sauti yake aiki, sai dai nasa sautin ya fi na masu ciki siriri sau goma ko fiye, don haka ba ya nisa, milimita huɗu zuwa biyar kawai yake shiga, amma abin da ya gani yana ganinsa dalla-dalla. A Toronto ta ƙasar Kanada aka ƙirƙiro shi wajen 1990. Amfaninsa a irin matsalata shi ne bai damu da laushin ido ko rufewar lungu ba, yana gani ta bayan baƙin ido inda haske ba ya kaiwa. Aka kwantar da ni rigingine, aka kashe zafin idon, aka sa wani ɗan kofi mara gindi tsakanin fatun idon, aka cika shi da ruwa, aka tsoma kan na'urar a ciki. Ba zafi, sai dai sanyi da ruwan da ke bin kunne. Mai ɗaukar hoton yana zagaya idon kamar mai bin hannun agogo, yana kira wani yana rubutawa.

Da na dawo da hotunan, likita ya jera su a tebur. A yawancinsu zoben yana manne da bango. A wasu kuwa ga wani baƙin layi siriri ya ratsa tsakaninsu, ya taso daga gaban ido ya wuce baya. Ya zana da'ira a takarda ya sa mata lambobin agogo, ya ja layi daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 1 da rabi. Da awannin agogo suke auna faɗin irin wannan yagewa, tawa awa uku da rabi ce. Ƙugiyar ba ta huda idon ba. Ta dai daki gabansa ya lotsa, gefensa ya buɗe da ƙarfi cikin ƙiftawa, zoben ya ɓalle daga inda yake kafe. Ruwa ya bar matatarsa, ya riƙa zurarewa ta wannan tsaga zuwa ƙarƙashin farin ido, inda jiki ke shanye shi. Sunan abin saikulodayalisis.

Na daɗe ina kallon hoton, sai na ce, "Likita, ai wannan aljihu ne ya huje ta cikin shafi." Ya ce in yi masa bayani. Na ce babbar riga tana da shafi a ciki. In ɗinkin aljihu ya farke ta ciki, mai riga zai ta zuba kuɗi, ba su faɗuwa ƙasa, ba wanda ya ga huji a waje, amma in ya laluba ba komai, duk sun zurare tsakanin shafi da riga. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce zai ara ya riƙa yi wa ɗalibansa. Shi kuma ya biya ni da wani labari: a 1905 wani likita Bajamushe mai suna Leopold Heine ya fara yin wannan tsaga da gangan, da wuƙar tiyata, don ya sauke wa masu ciwon Baffa cikar ido. Abin da ake yi wa wasu a matsayin magani, shi roba ta yi mini kyauta a bakin kasuwa, ta kuma zarce.

Aka ba atirofin mako shida. Ƙananan tsagogi sukan rufe da shi, ya ce, tawa tana da faɗi amma ba a rasa komai da gwadawa tunda ana sa ido. Waɗannan makonni su ne mafi tsawo a rayuwata. Maganin yana buɗe tagar ido ya bar ta a wangale, hasken rana ya zama abokin gaba, na koma yawo da baƙin tabarau har cikin masallaci. Yaran shago suna ce mini, "Oga, ka zama ɗan gayu da tsufa." Su suka ƙarasa kayan salla, wasu na mayar wa masu su da haƙuri, wasu masu kayan ba su sake dawowa ba. Inna ta aiko da rubutu, na sha. Ta aiko da wani garin magani a ƙullin leda wai a zuba a idon, na karɓa da hannu biyu na gode, na ajiye a saman kwaba, yana nan har yanzu. Duk mako biyu ina komawa awo: 3, sai 4, na fara murna, sai 3 kuma.

A zuwa na uku ya ce lokaci ya yi. Na tambaye shi me zai hana a ƙara jira, tunda ba ciwo nake ji ba. Ya ce rigar da aka ninke kwana biyu guga ɗaya ke miƙar da ita, wadda ta shekara a ninke a ƙasan akwati kuwa, karin ya zauna. Tattarar tantanin nan in ta daɗe tana iya zama ta dindindin, yanar ido na iya rufe ganin, kuma idon da ya daɗe ba cika yana iya tsukewa gaba ɗaya. Ya lissafa mini hanyoyi. Akwai ƙona bakin tsagar da leza don ta yi tabo ta manne, akwai daskarar da wurin ta waje da sanyi, dukansu sun fi dacewa da ƙaramar tsaga. Mai faɗi irin tawa ɗinki ta fi so, a mayar da zoben mazauninsa a ɗinke shi da bango. Ya faɗi abin da ka iya faruwa, zubar jini a ciki, shigar ƙwayoyin cuta, ko ɗinkin ya bar wani gefe a sake komawa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce in riƙe wannan da kyau: in aiki ya yi kyau, akwai yiwuwar cikin kwanakin farko idon ya cika fiye da kima, da ciwo mai tsanani. In haka ta faru, ko ƙarfe nawa ne, in taho. Na ce to, na sa hannu. A raina ina cewa wane ciwo ne zai fi na ƙugiya.

Ranar tiyata wata nas ta tambaye ni sunana da idon da za a yi wa aiki har sau uku, ta yi mini alama da biro a goshin dama. Ba a sa ni barci ba. Allura aka yi mini a gefen idon, ita ce kawai na ji, bayan 'yan mintuna idon ya mutu, ba ya motsi ba ya ganin komai sai inuwa. Aka lulluɓe mini fuska, aka bar iska tana busowa ta ƙarƙashin mayafin. Daga nan kunne ne ya yi mini aikin ido, sauran kuma daga zanen da ya yi mini kafin mu shiga na san su.

Da farko ya cika gaban idon da wani ruwa mai kauri kamar dalaki, idon ya tashi, lungun ya buɗe, ya ɗora gilashin madubin nan. Na ji ya ce wa mataimakinsa, "Ga ta nan, zo ka gani." Abin da ya gagara gani a ɗakin awo ya fito fili. Ya yi alama a farkon tsagar da ƙarshenta. Ya janye siririyar fatar da ke lulluɓe da farin ido, ya fere farin idon rabin kaurinsa ya ɗaga kamar murfin aljihu, sannan ya tsaga ragowar kaɗan a bayan iyakar baƙi da fari, daidai kan tsagar. Ruwan da ya taru a ɓoye ya fito. Sai ɗinki. Kowace allura sai ta ɗauki leɓen farin ido na gaba, ta ɗauki naman zoben, ta fito ta leɓen baya, a ƙulle, a yanke, a matsa gaba kaɗan. Ɗai-ɗai, kowanne da ƙullinsa, yadda in ɗaya ya saki sauran ba su bi shi ba. Mu ma haka muke yi wa wurin da muka san zai sha ja. Ina kwance ina jin ƙaramin almakashi yana ƙyas, ina ƙirgawa. Tara na ƙirga kafin ya mayar da murfin ya rufe. Da aka yaye mayafin na roƙi nas ta nuna mini ragowar zaren. Ta ɗaga shi da hantsaki a gaban fitila, da ƙyar idona mai lafiya ya kama shi. Nailan ne baƙi, bai kai kaurin gashin kai ba, allurarsa kuma lanƙwasasshiya kamar yankan farce. Na ce, "Likita, a ɗinki dai ka girme ni."

Washegari aka buɗe, aka auna, 9. Ban taɓa jin daɗin lamba irin wannan ba. Aka sallame ni da magunguna da murfin roba na kwana.

Dare na biyu, wajen ƙarfe biyu, na farka kamar an kafa mini ƙusa daga ido zuwa ƙeya. Rabin kaina na dama yana bugawa, haƙora na ciwo, fitilar ɗaki ta yi zobba masu launi kamar bakan gizo. Na yi amai sau biyu. Na kai yatsa a hankali ta saman fata, idon da ya yi wata uku kamar tumatir ya koma goriba. Uwargida tana salati, ta ce aikin ya ɓaci. Ni ma abin da na ɗauka ke nan, maganar da aka ɗaga mini yatsa a kanta ta gudu daga kaina sam. Ƙanena ne ya tuna, shi da ya raka ni ranar sa hannu. Ya ce, "Yaya, ai an ce ko ƙarfe nawa ne." Ya tayar da maƙwabci mai mota.

Likitan dare ya auna, 54. Ya kira babban a waya, na ji muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "Madalla, ta rufe." Ina riƙe da kai ina nishi, mutum yana madalla. Da safe da ya zo ya ba ni haƙuri yana murmushi, ya warware mini. Wata uku ruwa yana bin ɓarauniyar hanya, matatar asali ta zauna ba aiki, ta lotse kamar lambatun da aka daina bi. Yanzu an toshe ɓarauniyar rana ɗaya, zoben ya koma mazauninsa yana tsatso ruwa da ƙarfinsa, matata kuwa ba ta farka ba tukuna. Hawan nan shi ne shaidar ɗinki ya kama. Amma ba abin wasa ba ne, in aka bar ido a 54 jijiyar gani na iya tafiya, a gyara aljihu a ƙone riga.

Tun a daren aka sake tambayata sikila, aka tambaye ni asma da ciwon ƙoda, kafin a ɗaura mini ruwa a jijiya mai janye ruwa daga ido, a ba ni ƙwayoyi da ɗigo masu rage tsatsowarsa. Ƙwayoyin suna da nasu hali. Yatsuna da leɓena suka riƙa yi mini kamar tururuwa na bi, fitsari ba ƙaƙƙautawa, lemon kwalba da aka kawo mini dubiya na kurɓa na ji kamar na tsotsi tsohon kwabo. Kwana biyar ina asibiti, lamba tana saukowa: 38, 29, 21. Ranar da aka sallame ni 16 ce, kuma a hankali aka janye magungunan ta tsaya da ƙafarta.

Gani bai dawo tare da lambar ba, kuma wannan ya ba ni tsoro, don na ɗauka da an cika ƙwallo shi ke nan. Makonni na yi ina salla a zaune ina nuni da kai a madadin sujada, ba ɗaukar kaya, ba shiga ƙura, murfin roba duk dare. Kowace safiya in rufe idon hagu in dubi bakin ƙofa. Lanƙwasar tana raguwa, amma a hankali ƙwarai, yadda ba ka ganin bambancin jiya da yau sai na wancan mako da wannan. Babbar salla ta zo ta wuce ina ɗinkin manyan layuka kawai. Sai bayan wata uku da tiyata aka auna mini sabon tabarau, na karanta har layi na biyu daga ƙasa. Na ƙarshen ya gagara, har yau kuma yana gagara. Akwai 'yar yana da ta fara tsirowa sanadin bugun, an ce wata rana za a cire ta. An kuma ce in riƙa zuwa awo duk shekara muddin raina, domin lungun da ya sha irin wannan duka yana iya juyewa bayan shekaru ya kawo ciwon Baffa, shi kuma ba ya sallama. Wannan karon ina zuwa. Robar nan na yanke ƙugiyarta na jefa a masai, kaya kuma da igiya muke ɗaurewa a shagona, yara suna gunaguni wai tana cin lokaci.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo babbar rigar mahaifinsa, wai kuɗi suna ɓacewa a aljihu kuma an duba ba huji. Na juya ta, na laluba ƙasan shafi, na zazzago masa naira ɗari biyu da makullin mashin da suka daɗe suna nema. Babban yaron shagona ya miƙo hannu zai kai ta kan keke. Na ce ya bari. Na ɗauki allurar hannu, na rufe idon hagu, na zura zare a karo na biyu, na zauna bakin ƙofa inda haske yake, na bi farkewar ɗai-ɗai, kowanne da ƙullinsa.

Ya ce, "Oga, minti ɗaya fa keke zai yi wannan."

Na ce masa ya miƙo mini almakashi.